Kofin Yaya da Kunyar Inna

Yayana ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ce auta. Waɗanda ke tsakaninmu ba su yi tsawon kwana ba, duk sun koma tun suna goye. Mu biyu kaɗai Inna ta gani da girma, kuma ɗayanmu ba ta iya ɗaga ido ta dube shi. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, wadda ta ɗauko daga ƙauyensu ta kawo Bukuru ba ta zubar da ko ɗigo a hanya ba. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta amsa tana kallon bango. In da abin faɗa kuwa sai ta juyo wajena: "Auta, ki tambayi wancan ko ya ci abinci." Yana nan a gabanta fa, har numfashinsa tana ji. Ni kuwa har na yi aure ban daina kwanciya a cinyarta tana tsefe mini kai ba.

Ana yaye shi kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba. Gidanta yana can bayan gari, kusa da filin da Turawan kuza ke buga golf. Babanmu lebura ne a haƙar kuza har tari ya kwantar da shi, bai tashi ba. Yaya bai yi nisa a boko ba. Tun yana ƙarami ya shiga ɗaukar wa Turawa jakar sanduna, abin da suke kira kadi, ƙafa ba takalmi, a cikin sanyin Jos ɗin nan mai tsaga leɓe. In fili ya yi shiru sai ya ɗauko reshen gwaiba mai lanƙwasa da ya feƙe, da tsohon ƙwallo da ya tsamo a kududdufin kuza, ya yi ta bugu shi kaɗai.

Ni dai raina wasan nake yi, ban ɓoye masa ba. Ƙato da gemunsa ya bugi ɗan ƙwallo kamar ƙwan zabo, ya bi shi da ƙafa, ya sake bugu, ya lallaɓa shi har ya faɗa rami, sannan ya sa hannu ya ciro shi ya koma wani ramin. Na ce, "Yaya, in ramin kake so ya shiga, ka ɗauka ka sa mana, wa ya hana ka?" Sai ya yi dariya ya ce bakina zai kashe ni.

A ƙarshen shekarun saba'in ɗin nan ne abin ya juya. Kuza ta fara mutuwa, Turawa suna ta ɗaure kaya, kulob ɗin ya koma hannun manyan ma'aikata da hafsoshin soja. Su kuwa sababbin ogogin suna neman mai koya musu, ba kuwa wanda ya san filin kamar Yaya. Aka ɗauke shi aikin koyarwa, aka ba shi sanduna nasa na kansa, daga nan ya zama ƙwararre, wato wanda wasan ne sana'arsa. Ni na ɗinka masa wandon da ya fara zuwa gasa da shi, don ni tela ce, kekena yana gidan mijina a unguwar Katako, cikin Jos. Wandon bai yi mako ba ya lalace. Kewayen ramin golf a Jos ba ciyawa ba ce, yashi ne da ake kwaɓawa da baƙin mai a lailaye shi, Yaya kuwa sai ya sa gwiwa a kai ya auna hanyar ƙwallo. Na wanke, na jiƙa, na sake wankewa, ina! Har yau in na ji warin baƙin mai shi nake tunawa.

Kaduna ya fara ci. Ranar ina Bukuru wajen Inna, muna tsince shinkafa a tsakar gida, rediyo na kan turmi. Sai mai labarin wasanni ya ambaci sunansa, ya ce ɗan Jos, tsohon kadi, ya doke waɗanda suka daɗe suna cin kofin. Na zabura na yi guɗa, shinkafa ta watse. Maƙwabciyarmu, wata 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan masarufi da ta dawo bayan yaƙin basasa, muna ce mata Maman shago, ta shigo da gudu ɗankwali a hannu, tana rawa tana cewa, "Inna, yaron ka ya ci! Yaron ka ya shiga rediyo!" Inna ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsintar tsakuwa, can ta ce, "Yaran yanzu dai sai wasa. Allah ya shirya." Maman shago ta riƙe ƙugu ta dube ta ta ce, "Kai, Inna, zuciyan ka dutse ne." Na san ba dutse ba ne, don ina ganin shinkafar take zubarwa, tana barin tsakuwar a cikin faranti. Amma wanda ya kamata ya gani ba ya nan.

Daga Kaduna sai Kano, daga Kano sai Legas, inda bai ci ba amma ya zo kusa, a cikin 'yan wasan da suka zo daga Turai. Hotonsa ya fara fitowa a jarida. A Katako masu sayar da katako suka daina kirana matar wane, na koma ƙanwar mai golf. Ya sayi Fijo. Duk kofin da ya ci, Bukuru yake fara kai shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya tura shi ciki da hannu biyu, Inna ta ce, "Auta, ki ɗauke abin nan daga hanya, kada a yi tuntuɓe." Shi ke nan. Ya tashi ya kaɗe gwiwa ya fita.

Wata rana da hantsi ya zo gidana, ya zauna kan buhun yadi yana kallona ina ɗinki. Ƙarar injin yanka katako ta cika unguwa, sai da ya ɗaga murya.

Ya ce, "Auta, a Legas na ga wani ɗan Kudu da ya zo na kusan ƙarshe, uwarsa ta shimfiɗa masa zani a ƙasa ya taka. Na kusan ƙarshe fa."

Na ce, "To sai me? Su nasu ke nan."

"Ba zani nake so ba. Ba runguma nake so ba irin ta Turawa. Kalma ɗaya. Ta dube ni ta ce sannu. Ni, ba bango ba."

Raina ya ɓaci, don ni ba na son namiji ya zauna yana jin tausayin kansa. Na tsayar da keke na ce, "Haba Yaya, kai ne ɗan fari na farko a duniya? Kowa haka ya tashi. Ka san tana sonka, me kuma kake nema?"

Ya ce, "Ke a cinya kika girma, Auta. Ba za ki gane ba."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. A nan ya gaya mini wani kulob a Legas yana ta nemansa ya koma can da zama, da gida da komai, shi kuwa yana ta ja musu rai saboda Inna. Ya ce babbar gasa za ta zo Jos, har da baƙi daga ƙasashen waje, a filin da ya tashi. Yana so Inna ta zo ta gani. Na ce ya haukace. Ya ce in taimake shi.

Kwana da kwanaki ina fama da ita. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kukan autanci, wanda duk tsufana bai daina ci a wajenta ba. Ta ce ina aka taɓa jin uwa ta bi ɗan fari wajen wasa, so nake a yi da ita a gari? Daga ƙarshe ta yarda, amma da sharaɗi. Za ta tsaya nesa. Ba wanda zai san ko ita wace ce. Kuma da an gama za mu tafi, ba tare da wancan ya zo inda take ba. Na kai masa saƙon yadda yake. Na ce, "Yaya, ka san abin da matar nan ta haɗiye kafin ta ce to? Kada ka ƙara komai a kai. Ka ji ni?" Ya ce ya ji. Fuskarsa kuwa kamar ta yaro ranar Sallah, na san rabin kunne ya ba ni.

Ranar ƙarshe ta gasar da damina ce, hadari ya sauko kan duwatsu, iska mai sanyi tana kaɗawa. Muka shiga bas ni da Inna da Maman shago, wadda ta ce ko da rarrafe sai ta je. Muka sauka muka taka har gindin wasu dogayen itatuwan turare, daga inda ana hango rami na ƙarshe. Inna ta lulluɓe da mayafinta na unguwa, ta tsaya a bayana. Ga motoci, ga Turawa da laimominsu, ga manyan mutane da matansu. Ba ta taɓa shiga taro irin wannan ba, ina jin ta tana ta salati ƙasa-ƙasa.

Sai ga shi ya ɓullo daga kan tudu, jama'a na biye da shi. Wani dattijo kusa da mu ya ce kunnen doki suke shi da wani Bature, wannan ramin ne zai raba. Na waiwaya don in yi wa Inna bayani, sai na fasa. Kallonsa take yi. Tun da Allah ya halicce ni ban taɓa ganin ta ɗora ido a kansa haka ba. Da yake yana nesa, ba ya kallonta, ba kuma wanda ya san ta, sai ta saki ido tana binsa, daga hularsa har takalminsa, kamar mai ƙishirwa ta samu randa. Da ya sa gwiwa a kan baƙin yashin nan yana auna hanya, fili ya yi tsit, sai na ji ta damƙi hannuna. Ya miƙe, ya taɓa ƙwallon a hankali, ya gangara, ya gangara, ya faɗa.

Wuri ya kaure. Kadi-kadin nan marasa takalmi suka ruga suka ɗaga shi sama. Maman shago ta cire ɗankwali tana juyi. Inna ta saki hannuna ta ce, "Auta, mu tafi." Da mun tafi a lokacin da ba haka labarin zai zama ba. Amma jama'a sun toshe hanya, Maman shago kuma ta shige cikinsu, na tsaya nemanta.

Kafin in samo ta an ba shi kofi, an miƙa masa lasifika. Ya yi Turanci, aka tafa. Sai na ji ya juya Hausa: "Jama'a, mahaifiyata tana nan. Yau ta zo. Ga ta can a gindin itatuwa."

Innalillahi! Duk kawunan da ke filin nan suka juyo. Aka ɗauki tafi, mutane suka dare, ya taho rungume da kofi, mai ɗaukar hoto na biye da shi. Ina ɗaga masa hannu ina girgiza kai, ko kallona bai yi ba. Ya iso, ya zube a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa a gabanta, ya ɗaga kofin da hannu biyu.

"Inna, ga shi. Ki ce wani abu."

Shi a ganinsa, a gaban wannan taro ba za ta iya ƙi ba. Bai san taron ne zai hana ta ba. Abin da ba ta iya yi a ɗakinta daga ita sai bango, shi yake so ta yi a gaban maza, da Turawa, da mai hoto. Ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, ta juya masa baya.

Tafin ya mutu a hankali. Wata Baturiya ta dafe baki. Na ji Maman shago daga can tana cewa, "Chineke!" Dattijon nan na kusa da mu ya sunkuya ya ce, "Kai yaro, ba a haka. Tashi." Bai tashi ba. Yana durƙushe, kofi a sama, yayyafi ya fara sauka a kansa. Inna ta kama hanya tana tuntuɓe da ciyawa don ba ta ganin gabanta, na bi ta da gudu. Da na waiga sau ɗaya, na hango shi har yanzu a ƙasa, kofin kuwa ya sauke shi kan cinya.

Muka shiga bas. Ba ta buɗe fuska ba har Bukuru. Da muka shiga ɗaki ta ce, "Ya tsiraita ni a gaban mutane." Ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Washegari na same shi a kulob, a ɗan ɗakin da yake gyaran sanduna. Ban ko yi sallama ba. Na ce, "Me na gaya maka? Ta zo fa! Ta tsaya, ta kalle ka, har hannuna ta kusa karyawa da ka zo bugun ƙarshe. Wannan bai ishe ka ba?"

Ya ce, "Ke kika gani. Ni bayanta na gani. Ni da duk Jos."

Na ce, "Kai ka ja."

Ya ce, "Na sani." Ya ci gaba da goge sanda. Da ya yi mini musu da na ji daɗi, da na zazzage masa abin da ke cikina na huta. Haushin su biyun nake ji, shi da ya ƙi fahimta, ita da ta kasa lanƙwasawa ko sau ɗaya, ni kuma a tsakiya kamar jakar da ake jifa da ita.

Kafin damina ta fita ya amsa wa mutanen Legas. Ranar tafiya ya zo sallama. Inna ta saki labule, tana ciki, yana waje a durƙushe, ni ina tsaye a tsakani. Ya ce ya zo neman gafara da albarka. Can muryarta ta fito: "Auta, ki ce wa wancan ba komai. Allah ya tsare hanya."

Ya ce, "Auta, ki ce mata kunnena ƙalau yake. Ina nan."

Ya jira. Labule bai motsa ba. Ya jira har ƙafarsa ta yi sanyi, ya dafa bango ya miƙe. Ina jin tashin motarsa, ina kuma jin Inna tana jan hanci a ciki. Na tsaya a tsakar gida na rasa wanda zan bi.

A Legas sunansa ya ƙara tashi. Aka fara fita da shi ƙasashen waje. Yana aiko da barguna da rigunan sanyi ta hannun direbobi, shi kansa sai da Sallah, ya gaisa daga bakin ƙofa ya juya, ba ya ƙara kawo kofi. Inna kuwa tun daga ranar nan ta rage magana, ta rage cin abinci. Da sanyi ya zagayo ƙirji ya kama ta. Na bar keke da miji na tare a Bukuru. Da na ga abin ya yi nisa na aika Legas, aka dawo aka ce mini yana Gabashin Afirka wajen gasa, sai an neme shi.

Wata rana bayan la'asar ina zaune a gefenta ina shafa mata man zafi. Zazzaɓi ya yi yawa, tun safe ba ta san inda take ba. Maman shago da ke taya ni jinya ta tafi kasuwa, gidan ba kowa. Sai Inna ta buɗe ido ta kalli ƙofa. Ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, da ƙarfi, yadda uwa ke kiran yaro ya bar wasa. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har ya yi mini kamar na baƙo. Ta sake kira. Ta ce, "Shigo mana, ka daɗe a waje. Sannu. Sannu, ka ji? Ka gaji." Da shi take, ba da ni ba. Na waiga ƙofar kamar wawiya, ba kowa sai labule. Na kifa kaina a kan gadon na yi kukan da ban taɓa yi ba. Washegari da hantsi ta cika.

Sai bayan sadakar bakwai ya iso. Ya rame, ya yi baƙi. Da mutane suka ragu ya cire takalmi ya shiga ɗakinta, ya zauna kan tabarma yana kallon gadon. Na shigo na zauna.

Ya ce, "Ta bar saƙo?"

Na yi ta ɗokin wannan tambayar tun ranar. Na ce, "Ba saƙo ta bari ba, Yaya. Da kai ta yi magana." Na gaya masa duka, yadda ta kalli ƙofa, yadda ta kira sunan, da abin da ta ce, kalma bayan kalma.

Ya saurara har na gama. Sai ya yi ɗan murmushi, irin wanda ake yi wa yaro.

"Auta ke nan. Tun muna yara kike ƙara wa saƙonta gishiri don ki faranta mini. In ta ce a ba ni tuwo, ki biyo ni zaure ki ce ita ta zaɓa mini nama. Na sani, ban taɓa hana ki ba. Amma wannan karon ki bari."

Na ce, "Wallahi tallahi ta faɗa!"

"Wa ya ji?"

"Ni."

Ya gyaɗa kai. Na miƙe zan ɗauko Alƙur'ani, ya riƙe mini hannu ya ce, "Kada ki yi rantsuwa saboda ni. Allah ya saka miki da alheri, kin yi ƙoƙari." Ya tashi ya sa takalminsa ya fita wajen masu gaisuwa.

Yanzu duk mun tsufa. Ya bar wasa, idonsa ma ya yi rauni. Na maimaita masa maganar nan ban san iyaka ba, da lallashi, da faɗa, da kuka. Kullum sai ya ce, "Allah ya jiƙanta," ya tambaye ni lafiyar jikoki. Abin da ya yi rayuwarsa yana nema an ba shi, a kunnena aka zuba, kuma duk duniya ni ce wadda ba zai yarda da ita ba. Wallahi ta faɗa.